Saura Nawa? Layin Lamba da Koyar da Ɗebewa a Makarantun Ƙasar Daura

A rubuta wa 'yan aji uku na firamare 52 a sama, 38 a ƙasa, a ja layi, a ce su ɗebe. Cikin amsoshin da za su dawo wa malami akwai 26, kuma ba daga hannun yaro ɗaya ba. Mai gaggawa zai ce yaran sun yi caca ne da lambobi, ko kuma ba su da ƙwaƙwalwa. Amma idan aka bi sawun amsar za a ga tana da hanyar da ta biyo. Yaron ya dubi gidan ɗaiɗai ya ga 2 a sama da 8 a ƙasa, ya tuna an sha gaya masa cewa ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya su ya cire 2 daga 8 ya sami 6. Ya koma gidan goma ya cire 3 daga 5 ya sami 2. Ga 26. Tun a 1978 wasu masu bincike biyu a Amurka, John Seely Brown da Richard Burton, suka bi diddigin kurakuran ɗebewa na ɗalibai masu yawa, suka nuna cewa da yawansu suna bin wata ƙa'ida ce da yaro ya gina wa kansa daga abin da ya ji rabi da rabi, kuma wannan ta juya lamba tana sahun gaba cikinsu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yaron bai ji komai a ransa ba da ya rubuta 26. Babu abin da ya gaya masa cewa 38 ta kusa 40, 52 kuma ta ɗan haura 50, don haka tsakaninsu ba zai wuce goma sha wani abu ba.

Yanzu a bi wannan yaro, ko ƙanwarsa mai tallan ƙosai, zuwa bakin tasha a Daura, ko kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Mutum ya ci na naira 350 ya miƙa ɗari biyar. Yarinyar ba za ta nemi biro ba, ba kuma za ta yi aro daga gidan ɗari ba. Za ta zaro hamsin ta ce ɗari huɗu ke nan, ta ƙara ɗari ta ce ɗari biyar, ga canjinka. Ta ɗebe 350 daga 500 daidai, ta hanyar tashi daga ƙaramar lambar tana cikowa har ta isa babbar, tana yada zango a ɗari huɗu. An taɓa auna wannan bambanci a birnin Recife na ƙasar Barazil. Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann sun riƙa sayen kaya wurin yara masu talla suna yi musu tambayoyin lissafi a cikin ciniki, daga baya suka ba su lissafin iri ɗaya a takarda irin na makaranta. A sakamakon da suka buga a 1985, yaran sun ci kimanin kashi 98 cikin ɗari a bakin ciniki, amma kimanin kashi 37 kawai a lissafin takarda tsura. Yara biyar ne kawai aka yi aikin da su, saboda haka ba hujja ce da za ta tsaya ita kaɗai ba, sai dai duk wanda ya taɓa karɓar canji daga hannun ɗan shekara tara a garuruwanmu ya san abin da suka gani.

Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, yaron ƙasar Daura yana zuwa makaranta da rabin ilimin ɗebewa a kansa, kuma layin lamba shi ne hanya mafi araha da mafi dacewa ta ɗauko wannan ilimi a sa shi a kan allo. Dalili kuwa, ɗebewa tambaya uku take amsawa, makaranta kuma galibi ɗaya take koyarwa. Ta farko ita ce nawa ya rage: akwai mangwaro tara, an ci uku. Ta biyu ita ce nawa ne ciko: ana son kwano goma na gero, an sami shida. Ta uku ita ce da nawa ya fi: Yaya tana da shekara goma sha biyu, ƙaninta yana da bakwai. A ta farko ne kawai ake cire wani abu. A ta biyu ba a taɓa geron ba, a ta uku kuma babu wanda ya ɗebe wa Yaya shekaru. Yaron da aka ƙulla wa cewa ɗebewa ita ce cirewa kawai, in ya haɗu da tambaya ta biyu ko ta uku sai ya rasa ƙofar shiga, ko ya ji kalmar “fi” ya ɗauka tarawa ake nufi ya rubuta 19. Abin da ya haɗa tambayoyin uku shi ne tazara: nisan da ke tsakanin lamba da lamba. Tazara kuwa ba ta fitowa fili sai an jera lambobi a kan hanya.

Layin lamba ba wani abu ba ne illa wannan hanyar. A ja miƙaƙƙen layi, a sa sifiri a farkonsa, a riƙa sa alama a nisa ɗaya ana rubuta 1, 2, 3 har inda ake bukata. Tarawa ita ce tafiya gaba, ɗebewa kuma ko dai komawa baya ko auna nisan da ke tsakanin wuri biyu. Wanda ake yawan jingina wa fara bayyana shi a rubuce shi ne John Wallis, malamin lissafi a Jami'ar Oxford ta Ingila, a littafinsa na aljabara na 1685, kuma misalin da ya kawo na mai tafiya a ƙasa ne: mutum ya yi gaba yadi biyar, ya ja da baya yadi biyu, sai a tambaya ina yake daga inda ya tashi. Ga 'yan aji ɗaya, haka ya kamata a fara, da ƙafa kafin alli. A fita fili, a ja layi a rairayi da tsinke, a rubuta sifiri zuwa goma taki ɗaya ɗaya. A ce wa yarinya ta tsaya a kan tara, ta yi baya taki uku, 'yan ajin su faɗi inda ta sauka. Sannan a tsayar da yaro a kan shida, wani a kan goma, a tambaya taki nawa na farko zai yi ya cim ma na biyu. Yaran da suka saba da 'yar gala-gala da langa ba sai an koya musu tsalle daga gida zuwa gida ba. Abin da malami zai ƙara shi ne sunan kowane gida.

Harshen Hausa kansa ya riga ya share wannan hanya, abin da ba a cika lura da shi ba ke nan. Tsofaffi har yanzu suna cewa ashirin ba ɗaya a maimakon goma sha tara, ko ashirin biyu babu a maimakon goma sha takwas, wasu kuma su ce gaira. Mai faɗin haka ya hango ashirin a matsayin zango, ya ja da baya taki ɗaya ko biyu. Haka muke faɗin lokaci: ƙarfe uku saura kwata, ƙarfe biyar saura minti goma. A watan azumi kowane yaro a unguwa ɗan lissafi ne. Ya san an kai ashirin da uku, saura bakwai in wata ya cika talatin, shida in ya yi nuƙusani, kuma ya ji manya suna raba watan goma-goma, ta marmari, ta wuya, da ta ɗokin salla. Almajirin da ya kai izu arba'in da biyu ya san saura goma sha takwas ya sauke, kuma in aka tambaye shi yadda ya yi, mai yiwuwa ya ce takwas ta kai shi hamsin, goma ta kai shi sittin. Duk waɗannan tafiya ce a kan layi, ana dogara da gomomi kamar yadda fatake suke dogara da zango. Kalmar “saura” ita ce ɗebewar Bahaushe ta yau da kullum, kuma abin takaici ne yaro ya shekara uku a aji bai taɓa jin malami ya haɗa ta da ɗan gajeren layin nan da ake rubutawa tsakanin lambobi biyu ba.

Idan lambobi suka girma, ba a bukatar zana alama ɗari. A nan ne ake komawa ga layi fanko, wanda babu komai a kansa sai abin da yaro ya rubuta da hannunsa. Masu binciken koyar da lissafi a ƙasar Holan, irin su Adri Treffers na Cibiyar Freudenthal da ke Utrecht da Meindert Beishuizen na Jami'ar Leiden, su suka bunƙasa wannan dabara a shekarun 1990, Ingila kuma ta shigar da ita cikin tsarin koyar da lissafi na firamare da ta ƙaddamar a 1999. Mu koma ga 52 a ɗebe 38. Yaro ya ja layi, ya rubuta 38 a hagu, 52 a dama. Ya yi ƙaramin tsalle zuwa 40 ya rubuta 2 a samansa, ya yi babba zuwa 50 ya rubuta 10, ya ƙarasa zuwa 52 ya rubuta 2. Biyu da goma da biyu, goma sha huɗu. Wani yaron zai fi son ya tashi daga 52 ya yi baya da 40 lokaci ɗaya ya sauka a 12, sannan ya ce na wuce da biyu, ya dawo 14. Dukansu daidai ne, kuma malami yana ganin tunanin kowannensu a zane, abin da jerin lambobi sama da ƙasa ba ya nuna masa. A gwada da tarihin gida a ga ƙarfin abin. Marigayi Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar ya hau gadon sarauta a 1966, ya rasu a 2007. Ɗebe 1966 daga 2007 ta hanyar aro yana bukatar yaro ya nemi aro a gidan da babu komai sai sifiri, ya wuce gaba ya aro daga gidan dubu, wurin da har 'yan aji shida suke tuntuɓe. A kan layi kuwa, huɗu ta kai 1970, talatin ta kai 2000, bakwai ta kai 2007. Shekara 41, kuma kowane dattijo a ƙofar fada haka zai ƙirga ta.

Akwai hujja cewa wannan ya wuce dabarar sauƙaƙa lissafi ɗaya. A binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021, an gwada yara 'yan shekara 7 zuwa 14 a faɗin Nijeriya, aka tarar kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai suke da tushen lissafi irin na aji biyu zuwa uku, kuma Arewa maso yamma tana ƙasa da wannan matsakaici. Gwajin bai ma kai ga ɗebewa ba. Abin da aka nema shi ne yaro ya karanta lamba, ya faɗi wadda ta fi girma tsakanin biyu, ya yi tarawa, ya cike lambar da ta ɓace a jeri. Biyu daga cikin huɗun nan, wato gane babba da cike giɓin jeri, sanin mazaunin lamba ne a kan layi kai tsaye. A ɓangaren magani kuma, Geetha Ramani da Robert Siegler a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji a 2008. Sun sa yaran gidajen talakawa 'yan shekara huɗu zuwa biyar su yi wasa a kan wani allo mai gida goma a jere, an rubuta 1 zuwa 10, yaro yana matsar da ɗan wasansa yana faɗin lambar kowane gida da ya taka. Zama huɗu aka yi cikin mako biyu, jimilla kimanin awa ɗaya. Wasu yaran kuma aka ba su allo iri ɗaya amma mai launuka ba lambobi. Masu allon lamba suka fi takwarorinsu ci gaba wajen ƙirga, da gane lamba, da sanin babba da ƙarama, kuma ribar tana nan bayan mako tara. Da aka sake gwaji aka kwatanta allo miƙaƙƙe da allo mai zagaye kamar fuskar agogo, miƙaƙƙen ya fi amfani. Wato jerin a miƙe yana da nasa aikin: lamba mai girma ta fi nisa, ta fi cin taki, ta fi ɗaukar lokacin isa, sai jiki da ido da kunne su haɗu su koya wa yaro girmanta.

Malamai da yawa za su ce ai akwai tsakuwa da kara da marafen kwalba da yatsu, kuma da su aka saba. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a zubar da su. Yaro yana bukatar ya riƙe tsakuwa tara a hannu ya ture uku gefe kafin komai, kamar yadda 'yan mata suke yi a carafke. Amma tsakuwa tana da iyaka biyu. Tana amsa tambayar nawa ya rage da kyau, amma tana wahalar nuna ciko da fifiko. Sannan tana ɗaure yaro ga ƙirga ɗaiɗai. Shi ya sa ake ganin ɗan aji huɗu yana zana sanduna hamsin da biyu a bayan littafinsa, ya soke talatin da takwas, ya ƙirga sauran, ya yi kuskure da ɗaya ko biyu a hanya, lokaci kuma ya ƙare yana tambaya ta biyu. Akwai gada mai kyau tsakanin tsakuwa da layi, wadda mutanen Holan suka yi amfani da ita: igiya mai ƙwallaye ɗari, goma fari, goma ja, haka har ƙarshe. Al'ummar da kusan kowane gida yake da carbi ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan ƙwallaye a jere da alamar da ke raba su. Da marafen lemo kala biyu da ƙusa da zaren buhu, malami zai haɗa irinta a yini ɗaya ya rataya a gaban aji. Yaro ya ga ƙwallo na 38 yana biyu kafin ƙarshen goma ta huɗu, ya taɓa shi da hannu, gobe kuma a cire ƙwallayen a bar igiyar, ta zama layi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Iyaye za su ce da hanyar aro aka koyar da su, da ita aka yaye likitoci da injiniyoyi da akantoci na wannan masarauta, kuma ita jarrabawa take so. Hanyar jera lambobi sama da ƙasa gado ce mai daraja. Tana da sauri, tana aiki a kan kowace lamba komai tsawonta, kuma wanda zai ɗebe 46,785 daga 120,340 ba zai zauna yana zana tsalle ba. Ko a Holan ɗin an yi muhawara mai zafi a shekarun 2000, inda wasu masana lissafi suka zargi sabon salo da sakaci da wannan hanya har ɗalibai suka yi rauni a lissafin takarda. Wannan gargaɗi ne da ya kamata mu ɗauka. Abin da nake karewa shi ne tsari: layi a gaba, aro a baya. Yaron da ya shekara biyu yana tafiya a kan layi ya san cewa 43 a ɗebe 7 ana yin baya uku zuwa 40, a ƙara huɗu zuwa 36. Ranar da aka ce masa ya aro goma, zai gane cewa ƙetare zango ake nufi, kuma in hannunsa ya rubuta 44 cikin kuskure, idonsa zai ƙi yarda, don ba a yin baya a sauka a gaba. Game da likitocin da tsohuwar hanya ta yaye kuwa, su ne waɗanda suka tsira. Ba a ƙirga 'yan ajinsu da suka yanke wa kansu hukunci tun suna shekara tara cewa lissafi ba nasu ba ne, suka guje shi har girma, alhali wasunsu yau suna juya miliyoyi a ka a kasuwar hatsi da ta dabbobi.

Layin ma yana da nasa ramuka, kuma malamin da bai san su ba zai iya haifar da sabon ruɗani. Mafi yawa shi ne ƙirga wurin tsayuwa a maimakon taki. A ce wa yaro tara a ɗebe uku, sai ya ɗora yatsa a kan tara ya ce ɗaya, takwas biyu, bakwai uku, ya ba da amsa bakwai. Shi ne kuskuren da ake gani wurin mai auna abu da rula yana farawa daga 1 ba daga sifiri ba. Maganinsa shi ne abin da aka faɗa a baya, a fara da ƙafa, domin wanda ke tsaye bai yi taki ba tukuna, kuma kowane yaro ya san haka a jikinsa. A takarda kuma a riƙa zana bakan tsallen ana ƙirga bakan. Na biyu shi ne layin da alamominsa ba su yi nisa ɗaya ba, wanda malami ya zana a gurguje har tsakanin 1 da 2 ya ninka tsakanin 8 da 9. Ga 'yan aji ɗaya wannan yana rushe ainihin abin da ake son ginawa. Na uku ya shafe mu musamman. Yaranmu da yawa suna fara karatu a makarantar allo ko Islamiyya, inda ido yake tashi daga dama zuwa hagu, sai su tarar layin lamba yana tashi daga hagu. Binciken Stanislas Dehaene da abokan aikinsa a Faransa a 1993 ya nuna alamun cewa ɓangaren da mutum yake hango ƙananan lambobi a ransa yana da alaƙa da inda rubutunsa yake fuskanta. Babu matsala a cikin wannan in malami ya faɗa a fili ya kuma sa kibiya, ko ya fara da layi a tsaye kamar tsani, ƙananan lambobi a ƙasa. Na ƙarshe shi ne barin yaro ya dawwama yana tsalle ɗaya ɗaya har aji huɗu. Dole a riƙa tura shi zuwa tsallen goma, zuwa layi fanko, zuwa layin da yake gani a ka ba tare da ya zana ba.

Sai maganar cunkoso da rashin kayan aiki, wadda duk wanda ya leƙa ajin firamare a Baure ko Zango ko Sandamu ba zai raina ta ba. Akwai azuzuwan da yara suke zaune a ƙasa, littafi ɗaya na zagaya hannu da yawa. Amma wannan ƙorafin, in aka dube shi da kyau, goyon baya ne ga layin. Raba tsakuwa ashirin ashirin ga yara tamanin aiki ne da zai cinye rabin darasi. Layi ɗaya kuwa da aka zana da fenti ko gawayi a jikin bango, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kowa yana ganinsa, ba ya ɓata, ba a sace shi, ba ya jiran kwangila. Ƙasarmu mai rairayi ce, filin kowace makaranta allo ne. Tef ɗin awo na tela layin lamba ne da aka riga aka buga, rular da ke jakar ɗalibi haka. Ana iya raba aji gida-gida, a ba kowane rukuni babban yaro ya jagoranci tsalle, malami yana zagayawa. Salon koyar da yaro daidai matakinsa, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi kuma aka gwada a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano daga 2019, ya ginu ne a kan irin wannan: rukuni-rukuni a ƙasa, kayan aiki masu araha, da yawan magana tsakanin yara.

Magana kuwa ita ce ke kai mu ga harshe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekarun farko. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa dukan firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da janye wannan mataki. Duk inda manufa ta karkata, malamar aji biyu a ƙauyen Mai'adua da yaran da Hausa ko Fulatanci kawai suke ji za ta kwana ta tashi. Layin lamba yana da sauƙin kai a nan, domin zane ne, kuma 38 ɗaya ce a kowane harshe. Malama tana iya tambaya “saura nawa ka kai arba'in?”, yaro ya gane ya yi tsalle, sannan ta ɗora masa kalmar Turanci a kan abin da ya riga ya fahimta. Jihar Katsina ba baƙuwa ba ce ga wannan. Shirin RANA, wanda UNICEF ta kawo da tallafin Birtaniya aka fara shi a Katsina da Zamfara a 2015, ya koyar da karatu da lissafi da Hausa a azuzuwan farko na firamare da makarantun allo da aka haɗa da boko, ya kuma samar da littattafai da horo. Akwai malamai a jihar nan da suka ɗanɗana wannan salo. Abin da ya fi wuya shi ne malamin da shi kansa da hadda aka koya masa aro, bai taɓa ganin layi fanko ba. Ba laifinsa ba ne, kuma gyaran ba ya bukatar shekara. Yini biyu na aiki da hannu, malamai suna tsalle da zane da kansu, ya isa a fara, muddin akwai mai bibiya daga baya.

Ribar tana kai wa nesa da aji uku. Wallis bai tsaya a baya yadi biyu ba, ya ci gaba ya tambaya ina mutumin zai kasance in ya yi gaba biyar ya ja baya takwas, ya nuna cewa zai faɗa uku a bayan inda ya tashi. Ɗalibin ƙaramar sakandare da aka raina a kan cewa ba a cire babba daga ƙarami, ranar da aka kawo masa lambobin ƙasa da sifiri sai ya ga an saɓa masa doka. Wanda ya taso da layi kuwa ya san hanya tana ci gaba bayan sifiri, kamar yadda guga yake wuce bakin rijiyar Kusugu ya yi ƙasa gaba bayan gaba, ko kamar mai naira ɗari biyar da ake bin sa bashin ɗari takwas. Rabi da kwata da sulusi ma a kan layin suke samun mazauni, tsakanin lamba da lamba. Wannan yanki ne da ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732 ya rasu a Alƙahira a 1741, ana ambatonsa har yau a tarihin lissafin Afirka. Jikokinsa ba su rasa kan lissafi ba.

Kirana ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Katsina da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, su sa a zana layin sifiri zuwa ashirin a bangon kowane aji ɗaya, na sifiri zuwa ɗari a aji biyu da uku, su kuma sa shi cikin horon malamai na kowane zango. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke Daura, kada su yaye mai koyar da firamare da bai iya nuna 52 a ɗebe 38 ta hanya biyu a kan layi ba. Hakimai da dagatai da kwamitocin kula da makarantu suna iya ɗaukar nauyin gwangwanin fenti. Iyaye kuma ba sai sun jira kowa ba. Da yamma a ja layi a tsakar gida, a rubuta sifiri zuwa goma, a tsayar da yaro a kan bakwai, a tambaye shi saura taki nawa ya kai goma, a bar shi ya taka ya gani.